Shaidar Dattijo Gideon

Zainulabideen ya hango Gideon tun kafin ya gama hawa matattakalar tashar metro ta Hadayek el-Ma'adi. Yana tsaye kusa da mai sayar da jarida, sanye da farar taguwa mai dogon hannu wadda ta sha guga, irin wadda ba ya sawa sai ranar Lahadi. Ganin rigar nan ya sa Zainulabideen ya rage sauri.

"Malam, ka makara," in ji Gideon.

"Ka yi haƙuri, Dattijo. Ruwa aka ɗauke mana, sai da na sauka ƙasa na ɗebo wa Shafa'atu."

"Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi. Nauyi ne kawai, watan ya kama."

Suka kutsa cikin jirgin, kowa ya kama ƙarfe. Shekara da shekaru suka yi a kamfani ɗaya na yawon buɗe ido a Ma'adi. Zainulabideen shi ne tafinta, shi ke raka 'yan Najeriya da 'yan Nijar da ke zuwa ganin likita ko ziyara, Gideon kuwa shi ke tuƙa motar da ke ɗauko su daga filin jirgi. Mutumin Zonkwa ne, tuƙi ya kawo shi Masar tun yana saurayi, ya zauna har furfura ta fito masa. A cocin 'yan Afirka da ke Ma'adi yana cikin dattawan ikilisiya, shi ya sa Zainulabideen ke ce masa Dattijo. Da aka yi juyin juya hali baƙi suka ɗauke ƙafa, mai kamfanin ya kira su rana ɗaya ya sallame su. Gideon ya samu tuƙi a gidan wani ma'aikacin jakadanci a Zamalek. Yau ma sai da ya roƙi uwar gidan ta ba shi rabin yini.

"To me za su tambaye ni?" Gideon ya ce bayan sun wuce tasha biyu. "Ka san Larabcina na titi ne."

"Ba wani abu ba ne. Su dai ji daga bakinka cewa tare aka sallame mu, ba ni na ajiye aiki ba."

"In wannan ne ai da sauƙi. Ina wurin aka yi."

Zainulabideen ya mayar da idonsa kan taga. Ba wannan ce tambayar ba, shi ma ya sani.

Duk tsawon zamansa a kamfanin ana yankar wani abu daga albashinsa ana zubawa a wani asusu, domin ranar da aiki ya tsaya. Da ranar ta zo ya je ya nemi tallafin. Farko aka ce baƙo ba shi da haƙƙi. Da ya yi ta sintiri aka binciko sunansa, aka ce yana da shi, ya je gida ya jira. Daga nan duk zuwan da ya yi amsa ɗaya ce a bakin tagar ofishin asusun, sai dai ta sake riga. Yau a ce gobe, gobe a ce bayan zaɓe, wata rana na'ura ta lalace, wata rana mai riƙe da hatimi ya tafi umara. Hunturu ya shigo ya fita. Matarsa Shafa'atu ta cire 'yan kunnenta ta ba shi ya sayar. Ɗaliban da suka saba zuwa gidansa ran Juma'a su ci tuwo da miyar kuka, su tambaye shi abin da ya shige musu duhu a nahawu, ya ce musu su ɗan dakata, matar gida ba ta jin daɗi.

Da mai gidan haya ya fara tsayawa a ƙofa yana gaisuwa mai tsawo, sai Zainulabideen ya je wurin Alhaji Lawali, wani mutumin Maraɗi da ke sarin abaya da takalma a kasuwar Ataba yana aikawa Kano da Yamai. Ya ce masa ko yana neman tafinta. Alhaji Lawali ya yi dariya, ya ce shi da 'yan kasuwar nan ko zagi suka yi yana ganewa. Abin da yake nema shi ne mai ɗaure dila ya sauko da ita daga bene zuwa mota, kuma ya san wannan ba aikin Malam ba ne. Zainulabideen ya ce a gwada shi.

Yana cikin wannan dakon ne kuɗin tallafin suka fito, sau ɗaya tak. Wata na gaba da ya je, yaron da ke bayan tagar ya duba na'ura ya ce an dakatar, an kawo rahoto cewa yana aiki a Ataba. In yana da ja, ya shigar da tazallum. Zainulabideen ya san asalin kalmar nan sarai, ya sha koyar da ita: kukan wanda aka zalunta. Ya zauna a benci ya rubuta, da Larabci mai kyau, cewa rahoton ba gaskiya ba ne.

Gideon kuwa ya san gaskiya ne. Wata la'asar ya kawo uwar gidansa Ataba sayen labule, yana zaune cikin mota, sai ga Zainulabideen ya fito daga wani lungu, dila a gadon baya, tsumma a ka, zufa ta jiƙe masa singileti. Suka haɗa ido. Gideon ya sunkuya kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin kujera, bai ɗago ba sai da ya wuce. Tun ranar babu wanda ya ɗaga maganar.

Ofishin yana hawa na huɗu na wani tsohon gini a tsakiyar gari. Titin da ya fi kusa an toshe shi da katangar siminti tun lokacin zanga-zanga, sai da suka zagaya ta baya. Na'urar hawa bene ba ta aiki. Gideon ya tsaya a kowane hawa yana maida numfashi, yana riƙe da gwiwa.

A zauren jira mutane sun cika bencina, wasu na tsaye jingine da bango, kowa da jakar leda cike da takardu. Fanka ɗaya ce ke juyawa. Suka samu gefen benci kusa da wata mata mai ɓare wa ɗanta lemo. Zainulabideen ya sayo shayi kofi biyu wurin mai zagayawa da tire, Gideon ya karɓa ya ce bai kamata ya wahalar da kansa ba.

Can an jima ƙofar kwamitin sauraron ƙorafi ta buɗe, wani tsoho Bamisire ya fito, siriri, da tsohuwar kwat irin ta masu hidima a otal. Bai nufi matattakala ba. Ya tsaya a tsakiyar zauren yana magana, ba da kowa ba kuma da kowa.

"Sun tambaye ni, na faɗa musu. Na ce shayi nake sayarwa a bakin gada da yamma, don jikokina su ci burodi kafin kuɗinku su fito. Suka ce to ai kana da aiki. Khalas, an rufe."

Wani ya ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, wani ya matsa masa wuri, bai zauna ba. Ya naɗe takardunsa ya cusa a aljihu ya sauka.

Gideon ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali. Ya daɗe yana kallon ƙofar kafin ya juyo.

"Malam, wannan ɗakin na waɗanda aka ce suna aiki ne?"

"Kowa da abin da ya kawo shi, Dattijo."

"Kai me ya kawo ka?"

Zainulabideen ya buɗe baki, sai masinja ya leƙo ya kira sunansa, ya ce ya shigo da mai shaidarsa.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya dogo da kujeru biyu a gabansa. Shugaban kwamitin dattijo ne mai ƙiba, da tabon sallah a goshi, an rubuta Ustaz Hussain a wani katako gabansa. A gefensa wata mata ce mai tabarau, ita ke rubutu. Zainulabideen ya yi sallama ya zauna, ya sa hannayensa ƙarƙashin tebur. Igiyar dila ta sa tafukan sun yi kanta, bayan yatsun duk sun tsage.

Ustaz Hussain ya ɗaga takardar ƙorafin. "Wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni na rubuta."

"Kai da kanka?" Ya sake duba ta, ya karanta jimla ɗaya a fili yana gyaɗa kai. "Wallahi lauyoyinmu ba sa rubuta irin wannan. A ina ka yi karatu?"

"A nan Azhar, sashen harshen Larabci."

"Ka haddace Alƙur'ani?"

"Alhamdu lillahi."

"Masha Allah." Ya juya wurin matar. "Kin gani? Daga ƙarshen duniya suke zuwa su riƙe abin da 'ya'yanmu suka saki." Ya gyara zama, muryarsa ta yi laushi. "To ya sheikh, ba za mu tsare ka ba. An ce kana aiki wurin wani ɗan kasuwa a Ataba. Me ka ce?"

Zainulabideen ya kwana biyu yana shirya amsar nan, ya jera ta yadda kowace kalma ita kaɗai za ta iya tsayawa a gaban Allah. "Ɗan ƙasarmu ne. Nakan je wurinsa in zauna, zaman gida ba daɗi. In ya buƙaci taimako nakan taimaka masa."

"Yana biyan ka?" matar ta tambaya, ba ta ɗago ba.

Wannan ba ta cikin abin da ya shirya. Ya ji Gideon ya motsa a kujerarsa.

"A'a," ya ce.

"Rahoton ya ce an gan ka ɗauke da kaya a baya, ba sau ɗaya ba."

Kafin ya amsa Ustaz Hussain ya ɗaga hannu. "Ya Madam, Ataba cike take da 'yan Afirka. Mai rahoton nan zai iya bambanta wannan da wancan? Ya ga baƙin mutum da kaya, ya rubuta sunan da ke hannunsa. Dubi mutumin nan, ki ce mini ɗan dako ne."

Shekaru nawa Zainulabideen ya yi yana jin zafin wannan magana, a mota, a kasuwa, a bakin yaran unguwa, cewa su duk kamarsu ɗaya. Ya taɓa tsayar da wani direban tasi a tsakiyar titi a kanta. Yau ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, ya Ustaz."

Matar ta cire tabarau. "To ya rantse, mu rubuta."

"A'a," in ji Ustaz Hussain, har da ɗan ɓacin rai. "Mutumin da ke ɗauke da Littafin Allah a ƙirjinsa ba zan sa shi rantsuwa a kan kuɗin tallafi ba. Maganarsa ta ishe ni. Ga mai shaida nan, ki tambaye shi in kina so."

Ta juya wurin Gideon, ta tambayi sunansa da aikinsa, ya faɗa. Ta tambaye shi ko tare aka sallame su, ya ce tare, rana ɗaya, mai kamfanin ma bai bari sun sha shayin safe ba. Ustaz Hussain ya yi murmushin Larabcinsa.

"Kana zuwa gidansa?"

"Ina zuwa. Matata da matarsa kamar ya da ƙanwa suke."

"Za ka rantse a kan abin da za ka faɗa?"

"Ni ba na rantsuwa, Madam. Abin da na faɗa shi ne."

"Tamam. Tun da aka sallame ku, ka san shi da wani aiki? Ka taɓa ganin sa yana aiki a Ataba ko wani wuri?"

Fankar ɗakin tana ƙara, a waje wani yana jayayya da masinja. Zainulabideen bai juya ba, amma ta gefen ido yana ganin hannun farar taguwar, da yatsun Gideon da suka dafe gwiwa. A kamfani kowa ya san halin Gideon. In ya sayo mai, canjin da ya rage ko na sayen ashana ne sai ya dawo da shi. Ya taɓa gogar motar wani a wurin ajiye motoci ba wanda ya gani, ya zauna ya jira mai ita har yamma.

"Ka gane tambayar?" in ji matar. "Ko a fassara maka?"

"Na gane," Gideon ya ce. "Ban gan shi ba. Ba ya aiki."

Ta dube shi, ta dubi Zainulabideen, ta mayar da tabaranta ta rubuta. Ustaz Hussain ya ja takardar ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfi.

"An karɓi ƙorafinka, ya sheikh. Za a mayar maka da tallafinka, har da na watannin da aka riƙe. Ka yafe mana, kuskure ne na ma'aikata."

"Yaushe zan zo in karɓa?"

"Takardar za ta hau sama, a sa hannu, ta sauko wurin masu kuɗi. Ka leƙo bayan Idi, in sha Allah."

Ko azumi ba a fara ba. Zainulabideen ya yi godiya, ya yi masa addu'a, Ustaz Hussain ya amsa da amin yana shafa fuska.

Suka fito, suka sauko hawa biyu. A nan Gideon ya tsaya, ya jingina da bango kusa da wata taga mai fasasshen gilashi.

"Dattijo," in ji Zainulabideen.

"Da ka gaya mini tun a gida."

"Na ji tsoron in na gaya maka ba za ka zo ba."

"Da na zo." Gideon ya ciro hankici ya share wuyansa. "Yunwa ba laifi ba ce, Malam. Ni na gan ka da kaya a baya, na je gida na kasa cin abinci. Da ka zaunar da ni ka ce ga abin da ake ciki, da na kwana ina addu'a a kai, in ga abin da zan iya faɗa da wanda ba zan iya ba. Ko ƙaryar ce ma, in yi ta da sanina. Amma ka kawo ni kamar akuyar da za a kai kasuwa, ka saya mini shayi."

Zainulabideen ya rasa inda zai sa idonsa. Ƙasan matattakalar duk guntayen sigari ne.

"Zan koma in faɗa musu," ya ce.

"Ka koma ka ce me? Ka ce ni ma na yi ƙarya? Sannan mai gidan haya ya fitar muku da kaya, mace da tsohon ciki?" Ya ninke hankicin ya mayar aljihu. "An riga an yi. Bar shi."

Suka ƙarasa sauka. A bakin ƙofa Gideon ya duba agogo, ya ce dole ya wuce Zamalek, yaran uwar gidansa za su tashi daga makaranta. Zainulabideen ya ce bari ya raka shi tasha, ya ce a'a, ƙaramar bas zai hau, ta fi sauri. Ya miƙo hannu suka gaisa, ya ɗan riƙe hannun kafin ya saki.

"In naƙuda ta tashi ka kira matata, Maman Bulus, ko da wane lokaci ne. Ta riga ta haɗa jakarta, ta ce kwana uku za ta yi muku."

Ya tsallaka titi yana ɗan ɗingishi, bai waiwayo ba. Zainulabideen ya bi farar rigar da kallo har wata bas ta shiga tsakaninsu.

Yana nan tsaye aka kira sallar azahar. A ƙasan ginin, bayan matattakala, akwai wani ɗaki da ma'aikata suka shimfiɗa wa tabarmi suna salla. Ya yi niyyar ya wuce ya nemi masallacin da ba wanda ya san shi, amma rana ta take. Ya shiga ya yi alwala a famfon da ke lungu, ya nemi can ƙarshen sahu kusa da takalma ya tsaya.

Mutane suka taru, masinjoji da akawuna da waɗanda suka gaji da jira a sama. Ustaz Hussain ya shigo da silifa, hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Aka buɗa masa hanya, ga alama shi ya saba jan su. Wani ya tayar da iƙama. Dattijon ya kai gaba, ya juyo yana duba sahu, sai idonsa ya faɗa kan Zainulabideen.

"Subhanallah, muna da mahaddaci a nan ni zan shiga gaba? Bismillah, ya sheikh."

"A'a, ya Ustaz, kai ne babba. Ni baƙo ne."

"Babu baƙo a ɗakin Allah. Yalla, kada ka sa mu jira."

Ya ratso sahun da kansa ya kamo shi ta gwiwar hannu. Mutane suka dare, wani ya dafa masa kafaɗa, wani ya ce Allah ya ƙara ilimi. Zainulabideen ya so ya ce alwalarsa ta karye, sai ya ga ita ma ƙarya ce, kuma gemunsa bai ko bushe ba. Ya tsinci kansa a kan dardumar liman, bango a gabansa, numfashin mutane a bayansa, Ustaz Hussain daidai ƙeyarsa yana gyara wa na kusa da shi ƙafa.

Ya ce a daidaita sahu. Ya yi kabbara, ɗakin ya amsa, sannan aka yi tsit. Ya motsa leɓɓansa zai fara karatu, ya kasa furta ko harafi ɗaya. Sallar azahar ce, ba a bayyana karatu, don haka babu wanda ya ji. Suka tsaya a bayansa hannu a ƙirji, suna jiran ya yi ruku'u.